Sarkin Aska da Ɗigon Ido

Jama'a, kwana da kwanaki ke nan ko abinci ba ya shiga mini. Yanar ido ce ta rufe mini na dama, har tsintar shinkafa sai 'yata Zulai. Likita ya ce ranar Talata za a yi aiki.

To, Baban Zulai wanzami ne, shi ne ma Sarkin Askar unguwarmu. Bara aka cire masa tasa yanar, lokacin ina ƙauye jinya. Tun daga nan kunnen kowa bai huta ba. Wai ko maganin kashe zafi bai yarda an sa masa ba. Wai da ɗaya idon yake kallon likita, har ya ce masa, "Yaro, ba haka ake riƙe aska ba."

Jiya ya raka ni asibiti, shi da aminansa biyu. Wata nas ta zaunar da ni ta ce, "Mama, maganin kashe zafi akwai na ɗigawa, ido ya mutu kina farke. Akwai allura a gefen ido. In gaba na faɗuwa, a ƙara da na kwantar da hankali. Barci gaba ɗaya kuwa sai in ya zama dole."

Caraf Baban Zulai ya karɓe: "Matar Sarkin Aska ce. Ku yi mata irin nawa."

Nas ta ɗago, ta ƙura masa ido. "Lah, Baba! Ina gajiya? An samo ɗaya takalmin naka, yana nan mun ajiye."

Ya ce, "Yarinya, kama ce."

"Wace kama? Ɗigo ɗaya aka yi maka, ɗis, ka ce an tsiyaye maka ido. Fit, sai bakin ƙofa, rigar tiyata a buɗe ta baya. Maigadi ne ya kamo ka kana kiran Inna. Sai da aka sake maka rana, aka sa ka barci."

Aminan nan suka duƙar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ashe ganga ce, ƙara a waje, ciki fayau.

Yanzu ga inda nake. Barcin nan tsoronsa nake, kada in ƙi farkawa in bar yara. In kuma na jure ɗigon ko allurar ina farke, na fi shi jarumta, gidan ba zai zaunu ba. Don Allah wanne zan zaɓa? Kuma takalmin, in karɓo masa ko in bar musu?