Burodi da Zogale a Shekarar Fari

Ba za ni taɓa mantawa da abin da burodi ya ja mini a Kurawa ba, shekarar da ruwan sama ya ɗauke, gero bai ko fid da kai ba. Lokacin ina koyarwa a firamare, ina kuma neman auren Hajara, ɗiyar Baba Ɗanjumma manomi.

An tura mu kwas Sakkwato, can wata malamar lafiya ta koya mana abincin rana na sauri. A tsaga burodi, a cusa dafaffen zogale, a barbaɗa ƙuli, a yanka tumatir da albasa, a ɗiga man gyaɗa. Babu nama, babu jiran tukunya. Sanwici sunansa (ni kuwa yadda nake faɗar sunan, sai ka rantse ni na ƙirƙiro shi).

Abin da kaina bai kawo ba: a shekarar, gidan da rumbu ya ƙare ne ake cin ganye da rana, a ɓoye ma. Ni gogan naku sai na baje gindin darbejiyar makaranta, bakin hanya, ganye na leƙowa ta gefen burodi.

Rannan Baba Ɗanjumma ya biyo da jakinsa. Na durƙusa na gaishe shi, idonsa na kan hannuna.

"Malam, abin har ya kai haka?"

Wai ni na zaci yabo ne! Na ce, "Ai Baba kullum shi nake ci, na manta rabona da tuwon rana."

Ya yi salati ya wuce.

Ranar Juma'a bayan an sauko, sai ga shi ƙofar ɗakina da dattawa biyu, da ƙwaryar gero a rufe.

"Karɓi, ɗana, yunwa ba abin kunya ba ce," in ji shi. "Amma maganar Hajara a dakata, sai mun ga damina."

Wayyo Allah! Ga aure zai suɓuce, ga shi na san geron nan daga ƙasan rumbunsa ya kwaso shi, yana da bakunan ciyarwa a gida. Kunya kamar in nutse.

Rantsuwar cewa ba yunwa ta sa ni cin ganye ba ba ta yi aiki ba, sai da na ɗaga labule suka ga buhun dawata a jingine. Sannan na tsuguna gabansu kamar mai talla, na tsaga burodi na haɗa. Baba ya gatsa, ya daɗe yana taunawa, ni kuwa gumi har cikin kunne.

"To ai kwaɗon zogale ne aka sa ma riga," ya ce.

Dattawa suka kwashe da dariya, ɗayansu har da riƙe ciki. Baba ya ƙara gatsa, ya ce magana tana nan yadda take, da sharaɗi ɗaya: "Ɗiyata dai tuwo za ta ci."

Wallahi ban taɓa jin sanyi a rai irin na ranar ba. Geron aka kai gidan wata tsohuwa maƙwabciyarmu, na ƙara mata da dawa daga buhuna.

Har yau ina cin abina, Hajara ce ma ke dafa zogalen tana yi mini tsiya. Sai dai na koyi darasi: in za ka yi gayu da ganye, fara duba ko an yi ruwa. In ba a yi ba, ka shiga ɗaki ka saki labule.