Yadda Shaukat Basha Ya Gabatar da Karensa ga Bazara

Duk unguwar Lambun Zaitun, can bayan Sabuwar Alƙahira, babu wanda ya kai Shaukat Basha sanin ya kamata. Zaitun dai ba a taɓa ganin ko tushe ɗaya a unguwar ba, amma akwai katanga, akwai masu gadi, akwai kuma Shaukat. Mutum ne da Allah ya hore wa tumbi da murya, ga ra'ayi a kan komai. Da tayil da kwanon bayi ya yi arziki a Damanhur, sai dai tun da ya tare a nan ya daina cewa shi ɗan kasuwa ne, ya koma "mai harkar gine-gine". Bashancin ma, wato sarautar manyan Masar ta da, shi ya naɗa kansa, don kada ya wahalar da kowa.

Da ya lura duk gidan da ake ji da shi a unguwar yana da kare, sai ya sayo nasa, irin masu gashin zinaren nan da Turawa ke ji da su. Aka sa masa suna Baron. Kare ne mai kirki, ba shi da wani buri a duniya illa a jefa abu ya ɗauko. Shaukat kan gaya wa baƙi cewa kakannin Baron 'yan Sikotilan ne, kuma yadda yake faɗa, sai ka rantse ta wajen uwa suka haɗa dangi.

An ci lokacin sanyi lafiya. Amma da watan Maris ya kama, sanyi ya tattara kayansa, itatuwan lemo suka yi fure, ciyawa ta tashi kore shar, sai Baron ya fara zubar da gashi. Gashi a kujera, gashi a kofin shayi, gashi a kafaɗar Shaukat. Rannan kuma karen ya shinshini fure ya yi atishawa. Nan take Shaukat ya kira matarsa, Madam Sausan, ya tsaya a gabanta da hannu a baya.

"Sausan, yaron nan bai saba da bazarar Masar ba. Jininsa na ƙasar hazo ne. Idan na sake shi cikin wannan iska gaba gaɗi, me zan gaya wa tarihi?"

"Baban Karim, gashin sanyi yake zubarwa. Likita ya ce a riƙa taje shi, a fita da shi yawo da safe. Kuma a Giza fa aka haife shi, a saman shagon mai guga."

"Haihuwa daban, asali daban," in ji Shaukat.

Daga ranar aka shigar da Baron ɗakin baƙi, aka kunna masa na'urar sanyi, aka ja labule. Ƙa'idar Shaukat ita ce a ba kare bazara kaɗan-kaɗan, kamar maganin tari. Kullum da safe yakan buɗe taga faɗin yatsa, ya tsaya yana kallon fuskar Baron, sannan ya rufe. Ya kawo masa silin ciyawa guda a kan faranti don ya shinshina su san juna. Baron ya haɗiye ta. Shaukat ya ce an yi gaggawa, a koma baya. Yakan kunna masa kukan tsuntsaye a waya, da taga a rufe, don kada hayaniyar tsuntsayen waje ta dame shi. Ya sa aka ɗinka masa takalma huɗu na fata mai laushi. Masu gadin unguwa suka laƙaba wa Shaukat Ministan Bazara. Maganar ta kai kunnensa, bai kuma ji haushi ba, sai dai ya lura ba su sa "Mai Girma" a gaba ba.

Shi kuwa Baron ya daina kaɗa jela. Yakan kwanta ya cusa hanci a ƙasan ƙofa, ya yini a haka. Abinci ma sai ya kalla ya kau da kai.

"Kulawarka za ta kashe karen nan," in ji Sausan.

"Tunani yake yi. Masu asali haka suke."

Ba don kare kaɗai Shaukat ke wannan ɗawainiya ba. Kwamitin unguwa, wanda Janar Ra'afat mai ritaya ke shugabanta, yana da kujera guda da babu kowa a kai, Shaukat kuma ya daɗe yana jin kujerar daidai faɗinsa ce. Don haka ya gayyaci Janar da matarsa da sauran manyan maƙwabta ranar Shammun Nasim, bikin shaƙar iskar bazara, su zo su shaida fitowar Baron ta farko. Ya yi odar ƙananan biredi masu ɗauke da yankan kifin Turai, sirara har kana hango farantin ta cikinsu. Fasik kuwa, kifin gishirin nan da ake bari ya nuna har warinsa ya riga shi shiga gida, wanda duk Masar ke ci a ranar, Shaukat ya haramta shi.

"A gidana ba a cin abin da sai an buɗe taga," ya ce.

Matsalar ita ce yayarsa, Hajiya Ni'imat, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kowace shekara takan zo daga Damanhur da fasik na haɗin hannunta. Ya yi mata waya ya ce hanya ba kyau bana. Ta ce tun da aka haife su hanyar ba ta taɓa kyau ba. Ranar biki da hantsi sai ga ta a bakin ƙofa cikin baƙar riga, da gwangwani a hannu, da damin albasa mai lawashi a hammata.

Shaukat ya tare ta cikin farar kwat, ya sassauta murya.

"Yaya, ki zaga ta baya, wajen shanya. Akwai manyan baƙi."

"Ni ƙaramar baƙuwa ce ke nan, Shushu?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta zaga. Sausan ta ɗauki tabarma ta bi ta, ba ta ko kalli mijin ba.

A gaban gida an shimfiɗa jan kafet daga ƙofa zuwa ciyawa. Baƙi suka jeru da ƙananan faranti, kowa na tauna abin da ba ya buƙatar tauna. Shaukat ya gyara murya.

"Yallaɓai Janar, manyan baƙi. Al'umma ba ta ci gaba sai ta san yadda ake karɓar yanayi. Mu nan Masar bazara faɗo mana take yi kamar baƙon ƙauye, mu kuma mu fita da tabarma muna wari. Ni na zaɓi tsari. Abin da za ku gani yanzu, darasi ne ga unguwa, in kuma Allah ya so, ga ƙasa baki ɗaya."

Aka buɗe ƙofa. Baron ya fito cikin takalmansa, yana ɗaga ƙafa kamar mai taka garwashi. Ya tsaya a tsakiyar kafet, ya lumshe ido saboda rana, ya ɗaga hanci sama. Iska kuwa daga bayan gida take busowa.

Ba wanda ya ga tashinsa. Takalmi ɗaya dai ya faɗa cikin farantin matar Janar, igiyar wuyan karen ta kuɓuce daga hannun Shaukat, jelar zinare ta sha kwana. Baƙi suka bi baya, wasu don tausayi, wasu don sun ji abin da karen ya ji.

Suka tarar da Baron a kan jaridar da aka juye kifin a kai, ƙafafu a sama, yana birgima yana gurnanin daɗi, jela na dukan ƙasa. Hajiya Ni'imat ta tattare rigarta gefe.

"Kul, kar ka lashe ni, da alwalata," ta ce masa, ta ɓare dafaffen ƙwai ta jefa masa. Ya cafe a sama. Wannan ne abu na farko da ya ci da marmari tun da aka rufe shi.

Janar Ra'afat ya tsaya a kan tabarma, hancinsa na motsi.

"Hajiya, wannan saye ne?"

"Saye? Hannuna ne, ranka ya daɗe. Zauna, kar ka tsaya a kan abinci."

Janar ya cire kwat, ya naɗe hannun riga, ya zauna. Matarsa ta cire awarwaro ta zauna. Kafin a jima duk manyan Lambun Zaitun sun yi layi a ƙarƙashin igiyar shanya, suna matsa lemon tsami, suna gatsar albasa, ba mai magana sai "miƙo gurasa". Wani likitan haƙori har da ƙwalla, wai ya tuna kakarsa.

Shaukat ya iso yana haki, ya ɗaga yatsa zai ci gaba da jawabi. Baron ya hango shi. Karen bai riƙe shi a zuci ba ko kaɗan. Da dukan ƙaunar da ke ransa ya sheƙo ya ɗane ƙirjin ubangidansa, ya goge masa man kifi tun daga wuyan kwat har gwiwa, ya haɗa da lasar kunne.

Shaukat ya dubi farar kwat, ya dubi jama'a.

"Wannan shi ne matakin ƙarshe na tsarin," ya ce.

Ba wanda ya musa. Bakin kowa a cike yake.

Da la'asar Janar ya miƙe da ƙyar, ya yi wa Hajiya godiya har sau ba adadi, ya shafa kan Baron. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗar Shaukat, wajen da ya fi tsabta. Shaukat ya matso da kunne, yana jiran maganar kujera.

"Baɗi ma a yi mana haka," in ji Janar. "Hajiya ta zo da wuri, a saki karen tun safe. Kai kuwa, Basha, mun san ayyuka sun yi maka yawa. In ba ka samu zuwa ba, ba wanda zai ga laifinka."

Shaukat ya yi godiya sosai. Da ya koma ciki ya shaida wa Sausan cewa, a duk unguwar nan, Janar ne kaɗai ya fahimci nauyin da ke kansa.