Ranar da Na Sa wa Masu Ɗauke Wuta Albarka

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da aikina na farko a Funtua ba. Na dawo daga koyon haɗa kwamfutoci a Kaduna, kaina ya kumbura, sai Alhaji Sule, wani babban dillalin masara, ya ɗauke ni gwaji. Sharaɗinsa ɗaya: in aikin ya yi kyau, na samu wurin zama.

Duk kwamfutocin kamfanin a jikin akwati ɗaya suke, wanda muke ce wa siwic, kowa na leƙa aikin kowa. Alhaji yana so a raba su: ofis daban, rumfar sikeli daban, kamarori daban. Mu a sana'a VLAN muke kiran wannan rabon.

"Alhaji, kamar iyakar gona ne," na ce ina gyara wuyan riga. "Fili ɗaya, amma kowa da nasa."

"To Injiniya, bismilla."

(Injiniya fa! Daga nan na daina taka ƙasa.)

Madam Ngozi, mai kula da ofis, haihuwar Funtua, ta ce, "Ɗan'uwa, ka bari sai an tashi mana. Yau motocin Bakori za su shigo."

Na ce ai kafin ta ƙifta ido na gama.

Na jona kwamfutata, na shiga rabon ramukan da ake jona wayoyi a siwic ɗin, ina yi ina fito. Na bai wa kowa gidansa. Cikin zumuɗi har ramin da wayar kwamfutata take ciki na kyautar. Ina danna maɓalli, allo ya tsaya cak. Wato na kulle ƙofa da hannuna, ni ina waje. Wayar musamman da ake shiga siwic ta baya da ita kuwa tana gida, a aljihun wata jaka.

Ga shi kwamfutar sikeli ta daina ganin injin buga takardar awo. Motoci suka yi layi har bakin titi. Wani manomi daga Gozaki ya leƙo ta taga.

"Malam, wai wane ne ya ɓata sikelin?"

Kowa ya juyo ya dube ni. Wallahi tsoro na ji, gumi har cikin takalmi. Alhaji ya tsaya a kaina.

"Injiniya, ina iyakar gonar?"

Yana rufe baki, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Aka tayar da janareta, siwic ya farfaɗo, injin buga takarda ya hau aiki da kansa. Ashe garin rawar kai ban adana ko ɗaya daga cikin abin da na yi ba. Wutar ta tafi da ɓarnar gaba ɗaya.

Ban san lokacin da na miƙe na ɗaga hannu sama ba. "Allah Ya yi wa masu ɗauke wuta albarka! Allah Ya ƙara musu lafiya!"

Madam Ngozi ce ta fara fashewa da dariya, har da riƙe ciki. Alhaji ya yi dariya sai da hularsa ta faɗi.

"Tunda nake ban taɓa jin mai wannan addu'ar ba," in ji shi. "Ka dawo bayan an tashi, ka yi aikin a natse. Mutum irinka ba a barinsa ya tafi."

Na samu aikin, na kuma samu suna. Har gobe a kasuwar hatsi Mai Albarka ake kirana, kuma da an ɗauke wuta sai wani ya ƙwala, "Malam, a yi mana addu'a!"

Yanzu kafin in yanka wa kowa gona, sai na fara barin hanyar da zan bi in koma gida.