Wuƙar Tambari a Hannun Injiniya Tartsatsi

Jama'a, in za a lissafa waɗanda Allah ya yi wa baiwar ƙwaƙwalwa a Ƙaura Namoda, a fara da Injiniya Zayyanu, sannan a zauna a huta, don kafin a kai ga na biyu akwai tafiya. Shi da bakinsa ya shaida mana haka, kuma wa ya fi shi sanin kansa? Shekara goma sha ɗaya ya yi a wani kamfanin gini a Kaduna. Mahassada na cewa makullin sito kawai yake riƙewa. To, sai me? Duk ƙarfen da injiniyoyi suka taɓa, ai ta gabansa ya wuce.

Da ya dawo gida, abin da ya gani ya sosa masa rai. Wai a wannan zamani, unguwa guda ta dogara da Baba Faruku maƙeri, tsohon da ke zama dirshan da dutsen washi da kwanon ruwa, ya goga wuƙa ya tsoma, ya goga ya tsoma, kamar mai yi wa jinjiri wanka.

"Wagga ba sana'a ba ce, ci baya ne," in ji Injiniya a majalisar bakin masallaci. "Ni zan ƙera muku injin washi irin na Turawa, mai bel. Wuƙa ɗari kafin a kira azahar. Ku dai ku gode Allah da ya sa a cikinku aka haife ni."

Muka gode.

Zanen injin daga waya ya fito, wajen wani Bature mai gemu. Injiniya ba ya jin rabin abin da Baturen ke faɗi, amma ya ce manya da ido suke fahimtar juna. Ya tafi kasuwar Shinkafi ya sayo boris na tsohon babur, ƙwallayen ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansu. Ya tafi Zurmi ya kwaso tayoyin baro guda biyu. Ƙarfen gadon auren matarsa Karima ya zama ƙafafu. Samfefa kuwa, takardar nan mai yashi ta guga, shi ya yanka ta doguwa, ya haɗe bakinta da gam, ta zama bel. Da ya rage abin da zai juya su, sai ya kwance kan injin markaɗen Karima, wanda matan layi uku ke kawo wa tattasai da wake.

"Baban Nafisa, da mi zan yi markaɗen Sallah?" ta tambaye shi.

"Karima, ana maganar tarihi, ke kina maganar tattasai."

Ranar gwaji aka tayar da inji a zaure. Kai! Ƙara ta kori kajin maƙwabta, bel ya tsinke ya ɗauke masa hula, wuta ta yi ta feshi har bakin ƙofa. Tun daga ranar sunansa ya koma Injiniya Tartsatsi. Shi ya ɗauka kirari ne, har ya sa aka rubuta a allon da ya kafa: Cibiyar Fasahar Kaifi ta Zamani.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekarar nan 'ya'yan Baba Faruku suka biya masa Makka. Babbar Sallah ta ƙarato, maƙeri na can yana ɗawafi, wuƙaƙen unguwa duk sun dakushe. Ranar jajibere aka yi layi a ƙofar Cibiya.

Cikin layin har da Tambari. Duk wanda ya san unguwarmu ya san Tambari mahauci: shi ke bi gida gida ranar Sallah, ya yanka ya feɗe. Wuƙarsa ta gado ce. Ubansa ya yi shekara arba'in da ita, shi ya yi talatin, ƙota ta yi baƙi da maiƙo, kuma bai taɓa ja biyu a wuyan dabba ba. Wannan ne sunansa, wannan ne abin alfaharinsa. In ban da Baba Faruku, ko ɗan'uwansa ba ya taɓa ta. Ya zare ta daga kube yana ɗari-ɗari.

"Injiniya, don Allah a bi ta sannu. A riƙa tsoma ta ruwa. Ƙarhen ga ba ya son zahi."

Injiniya ya ɗaga tabaron walda ya dube shi da tausayi.

"Ruwa? Malam Tambari, alwala za ta yi? Ku matsalarku ke nan. Kun ga tsoho na tsoma ƙarfe a kwano, kun ɗauka ilimi ne. Gajiya ce ke sa shi tsomawa, don ya samu ya huta. Injina ba ya gajiya. Matsa baya, kada kimiyya ta taɓa ka."

Ya danna wuƙar a kan bel da ƙarfinsa duka. Tartsatsi ya tashi, 'yan layi suka yi kabbara. Bayan minti biyu ya ɗago ta. Jikinta sai walƙiya, kana ganin fuskarka a ciki. Bakinta kuwa ya yi shuɗi.

"Wanga shuɗin hwa?" in ji Tambari.

"Alamar ƙarfe ya waye ke nan."

Ya ɗauko takarda ya tsaga ta da wuƙar, shar! Aka tafa. Tambari bai tafa ba. Ya mayar da ita kube ya tafi. Kafin magariba duk wuƙar da ke unguwar ta waye.

Washegari da aka sauko daga idi, liman ya yanka nasa, Injiniya ya ce ragonsa ne na farko a layin Tambari, don duniya ta shaida. Ya sa aka fito da shi ƙofar gida, ya tara mutane, ya tsaya cikin shadda mai amo, har da tabaron walda a goshi.

"Ku buɗe ido. Yau za ku ga bambancin dutse da ilimi. In tsoho ya dawo daga Makka, ku ba shi haƙuri, ku ce ya kama kiwon kaji."

Aka kayar da rago, aka fuskantar da shi gabas. Tambari yana da al'ada tun ta ubansa: ba ya ɗora wuƙa a wuya sai ya gwada ta a igiyar ragon. Ya kama igiya ya ja. Igiya na nan. Ya ƙara ja. Da ya ɗago wuƙar, bakinta ya lanƙwashe kamar murfin gwangwanin madara. Zafi ya kashe ƙarfen.

Wallahi na ga idon Tambari ya kawo ruwa, kuma ni ma raina ya ɓaci. Dattijo ne, a gaban mutane, da wuƙar ubansa a mace a hannu.

"Igiyar ce ta jabu," in ji Injiniya. "Ɗora a wuya ka gani."

"Ba ni azabtar da dabbar layya," in ji Tambari. "A kawo wata."

Aka ruga gidaje. Aka kawo ta ɗaya, aka kawo ta biyu, aka kawo ta bakwai. Duk 'yan makaranta ɗaya ne, ga ƙyalli, ga shuɗi, ga mutuwa. Rana na ɗagawa, raguna na kuka a kowane gida, masu gida na kallon Injiniya irin kallon da ba na barka da Sallah ba. Shi kuwa yana ta bayani a kan iskar da ta canja da daddare, wadda kan shafi ƙarfe.

Sai ga hannu ya miƙo daga bayan labulen zaure, riƙe da wata doguwar wuƙa mai ƙotar ice.

"Malam Tambari, gwada wagga," in ji Karima. "Cikin buhun gero na ɓoye ta jiya. A bakin rijiya na wasa ta, da ruwa."

Tambari ya taɓa igiya, ta rabu biyu. Ya yi bisimilla, ya ja sau ɗaya. Da wuƙar matar Injiniya aka yi layyar unguwa ranar, gida gida, har la'asar.

Da aka miƙa wa Tambari wuya da fata, rabonsa na al'ada, sai ya girgiza kai. Ya shiga zaure ya ajiye wuƙar ubansa a kan inji.

"Riƙe ta, Injiniya. Shekara saba'in tana aiki ba ta da kyau. Kai ka ba ta kyau."

Kada ku ce injin bai yi amfani ba, ni ba na son ƙarya. Kan markaɗe dai ya koma wajen mai shi tun kafin a soya kayan ciki, kuma a ƙafafun injin ake ɗaure akuya. Amma wuƙar Tambari tana nan rataye a bangon Cibiya, samfurin aiki. Kullum da safe Injiniya Tartsatsi na tsayawa gabanta, ya dubi fuskarsa a ciki, ya gyara zaman hula.