Ayun Ustaz Tajussir

Duk wanda ya zauna a Bur Sudan zamanin da ake ɗaukar hoto da fim, in ya ce bai san Ustaz Tajussir Hamadnalla ba, to wallahi a cikin buhu ya zauna. Mutum ne da Allah Ya yi wa baiwa har ta yi masa yawa. Shekara ashirin da shida ya yi yana buga hatimi a wata ma'ajiyar kaya ta bakin tashar jiragen ruwa, ga teku a gaban tagarsa, amma bai taɓa barin ta jiƙa masa ƙafar wando ba. Da ya yi ritaya sai ya tafi Masar ya yi kwas ɗin nutso na kwana biyar, uku daga ciki a tafkin otal. Ya dawo da takardar shaida, da kyamara mai shiga ruwa, da wata sabuwar tafiya ta buɗe hannuwa kamar mai maruru a hammata. Tun daga ranar teku ta san ta yi uba.

Kullum da hantsi yana rumfar Hajja Nafisa mai gahawa, a ƙofar Ƙungiyar Masu Nutso, yana karantar da mutanen da aka yanke musu cibiya a cikin kwalekwale yadda teku take.

"Ku kuna shiga ruwa ne kawai," in ji shi, yana kaɗa ɗan kofinsa. "Ni kuwa ganawa nake yi da shi. Murjani fa ba dutse ba ne, halitta ce mai rai, tana gane mai ilimi. A Masar, da na sauka, kifaye layi suka yi."

Masu kwalekwale suka ce Allah Ya ƙara basira, suka laƙaba masa Kaftin Tudu. Shi kuwa ya ɗauki rabin da ya yi masa, ya sa aka ɗinka KAFTIN a goshin hularsa.

To ana nan sai zaɓen shugaban ƙungiya ya matso. Al'adarsu ce duk wanda aka zaɓa a kafa hotonsa a saman ƙofar zaure, kuma Ustaz ya daɗe yana kallon ƙusar nan yana haɗiyar miyau. Matsalar ɗaya ce: kowa zuciyarsa na kan Baba Ohaj, mijin Hajja Nafisa, wani gajeren tsoho mai ƙiba da ya yi shekara arba'in yana kai baƙi kallon murjani bai taɓa dawowa da gawa ba. Baba Ohaj bai nemi kujerar ba, bai ma iya jawabi ba. Wannan ne ya fi ƙona wa Ustaz rai.

Sai ya miƙe a rumfa ya yi shela. Zai sauka ya ɗauko hoton ayu, dabbar nan da ke kiwo a ciyawar ƙasan teku, wadda duk ƙungiyar ba mai hotonta. Ranar zaɓe zai buɗe shi a gaban kowa, sannan a ga wanda ya cancanta. Da yake bai san inda ciyawar take ba, balle ayun, sai ya ɗauki Baba Ohaj ya raka shi. Ya ce tsohon zai ƙaru.

Suka isa wurin da sanyin safiya, ruwa garau har kana hango yashi. Baba Ohaj ya saɓa tukunyar iska a kan tsohuwar rigarsa ta roba mai haɗe da wando, mai ruwan toka, ya ɗauki gilashin fuskarsa, ya tofa masa miyau a ciki, ya murza da yatsa, ya ɗauraye. Kowane mai nutso haka yake yi, don in ba a yi ba gilashin hazo yake yi a ƙasa, mutum ya koma makaho.

"Ustaz, tofa," ya ce.

"Na'am?"

"Tofa a gilashinka."

Ustaz Tajussir ya dube shi sama da ƙasa. "Baba Ohaj, wannan gilashin daga Italiya ya zo. Bakin nan da kake gani ya yi magana da daraktoci. Ba zan tofa miyau in shafa a idona ba kamar mai gyaran taya. Mu a ilimance muke nutso."

"To Allah Ya ba da sa'a," in ji Baba Ohaj, ya faɗa ruwa.

Kafin su yi gaba uku a ƙasa, gilashin Italiya ya yi fari fat. Kai, ranar teku ta yi kwalliya! Ga murjani ja da shuɗi da ruwan ƙwai, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, ga ƙananan kifaye dubbai suna shiga suna fita, har wani kunkuru ya zo ya wuce ta gefen kunnensa a hankali. Ustaz bai ga ko ɗaya ba. Abin da yake gani shi ne abin da mutum ke gani in ya leƙa tukunyar da ke tafasa. Baba Ohaj ya yi masa nuni da ya ɗan sa ruwa a gilashin ya wanke, shi kuwa ya kaɗa hannu irin na manya, wato kar a dame shi yana aiki.

Aikin kuwa ya yi shi. Ya ɗauki hoton wani dutse sau shida. Ya ɗauki igiyar angar kwalekwalensu. Ya ɗauki gwiwarsa ta hagu, yana zaton wani kifi ne mai kunya da ke bin sa. Da suka kai filin ciyawa ya riƙa harba ƙafa kamar jaki ya ga kura, yashi ya tashi, takalminsa na nutso na dama ya fice ya yi ƙasa, shi bai ma sani ba. Baba Ohaj ya girgiza kai, ya juya, ya kifa kansa cikin ciyawa yana laluben takalmin.

A daidai nan Ustaz ya waiga. Cikin hazon sai ga wata halitta a gabansa, ƙatuwa, mai ruwan toka, mulmulalliya, kanta a ƙasa tana kiwo cikin natsuwa. Saura kaɗan ya yi kabbara ya haɗiyi teku. Ya matso, ya ƙara matsowa, ya danna kyamara.

Da suka fito bai jira an cire masa tukunya ba. "Ka gan shi? Ka ga girmansa?"

"Wa?"

"Ayu mana! Ga shi nan dab da ni, har muka haɗa ido!"

Baba Ohaj ya miƙa masa takalminsa. "Ni dai ban ga ayu ba, Ustaz."

"Ai ba za ka gani ba," in ji Ustaz cikin tausayi. "Shekara arba'in kana kallon ruwa, ni kuwa gani nake yi. Kada ka damu, zan ambace ka a jawabina."

Ya aika da fim ɗin Khartum da wasiƙa: hoto na goma sha bakwai, a buga shi da girman tabarma, a sa masa firam na ruwan zinariya, a rubuta sunan mai ɗauka a ƙasa, a naɗe. Da hoton ya iso aka ce ya buɗe ya duba tukuna. Ya yi dariya. Ya ce mai shakkar aikinsa ne ke dubawa.

Ranar zaɓe zaure ya cika maƙil, har da masunta da ba 'yan ƙungiya ba. Ustaz ya sha farar jallabiya da rawani mai hawa uku, ya tsaya gefen hoton da aka lulluɓe da zanen gado. Ya yi minti arba'in yana bayani. Ya ce ayu dabba ce mai tsoron jahilai. Ya ce da ya matso ta, ta ɗago ta dube shi da girmamawa, shi ma ya dube ta, suka fahimci juna. Sannan ya ja zanen.

Gaskiya hoton ya fito, don ita kyamarar ba ta yi hazo ba. Ga abu nan ya cika firam, mai ruwan toka, tsagi biyu, kuma a ɓangaren hagu ga wani jan faci mai kusurwa huɗu da ɗinkin farin zare.

"Wannan jan tabon," in ji Ustaz, yana nunawa da sanda, muryarsa ta ɗan sauka, "alama ce ta... ta namijin da ya manyanta."

Hajja Nafisa tana ratsawa da tiren gahawa. Ta tsaya, ta ƙanƙance ido, ta matso.

"La ilaha illallahu! Namiji ne kam, kuma ya manyanta. Wannan ai facin da na yi ne da tsohon tiyub ɗin keke!" Ta juya tana neman mijinta. "Kai tsoho, ba na ce maka kar ka riƙa duƙawa da rigar nan ba? Dubi yadda ɗinkin ya fara buɗewa!"

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Wani ya faɗo daga benci. Wani ya fita waje yana riƙe da ciki yana neman ruwa. Baba Ohaj ya taso a hankali, ya tsaya gaban hoton ya daɗe yana kallo, don bai taɓa ganin wannan ɓangaren nasa ba, sannan ya ce, "Ashe haka nake."

Aka kaɗa ƙuri'a. Ustaz Tajussir ya samu ɗaya, kuma kowa ya gane rubutun.

Sai aka zo maganar hoton sabon shugaba. Baba Ohaj ya ce shi bai taɓa zuwa gidan hoto ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba, ga wanda Ustaz ya ɗauka nan da firam ɗinsa, a kafa shi kawai. Aka kafa shi a ƙusar nan ta saman ƙofa. Yana nan har yau, duk mai shiga sai ya bi ta ƙarƙashinsa, kuma a ƙasa an rubuta da ruwan zinariya: Ɗaukar Kaftin Tajussir Hamadnalla, ido da ido.