Hadari Ya Hana Jirgi, Bai Hana Jan-baki Ba

Jiya na sha ƙasa a gonar Kawu Maccido da ke Magarya. Kaina na sama ina neman jirgi, ƙafata ta sarƙe da igiya, sai ga ni kwance, ni da mayafina da digirina na nazarin yanayi.

Bari in faro muku daga tushe. Gero ya fara ƙosawa, sai jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan masu zuwa kamar hayaƙi, suka taso daga wajen madatsar Goronyo. Kawu ya san maganinsu tun ba a haife ni ba. A kafa turaku, a ja igiya gefe zuwa gefe, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, mutum ya hau rumfa yana girgizawa yana ihu har rana ta faɗi. Murya takan tafi, amma tuwon shekara yakan tsira.

Ana haka sai Mai Girma Sarkin Yaƙi da Tsuntsu, Allah ya ƙara wa motarsa sanyi, ya iso da kwamitinsa da motoci tara da albishir: jirgin feshi na zuwa Talata. Sharaɗi biyu kacal. A tuge turaku da igiyoyi domin jirgi zai yi ƙasa-ƙasa, kuma kowa ya zauna gida saboda maganin guba ne. Na so in tambaya ko an duba sama, tunda ƙarshen damina muke. Na fara ɗaga hannu, ya kai kunne, Mai Girma ya kallo ni, sai na gyara ɗankwali.

Talata gajimare ya sauko da safe, aka ce matuƙi ba zai ga gabansa ba. Laraba rana ta buɗe, aka ce zafin da ke tasowa daga ƙasa yana jijjiga ƙaramin jirgi, magani zai watse. Alhamis hadari ya haɗo gabas da la'asar. Juma'a gari ya yi garau, sai dai filin tashi ya jiƙe, kuma babban baƙon da zai ɗaga wa jirgi hannu yana da ɗaurin aure.

Kada in ci amanar karatuna: banda ɗaurin auren, duk gaskiya ne. Haka watan nan yake kowace shekara. Safiya ta rufe, rana ta yi zafi, yamma ta zo da iska. Ko akuyar gidanmu ta sani. Kwamiti ne kawai labarin ya zo wa ba zato, kuma na yaba musu, domin ba ƙaramar baiwa ba ce damina ta riƙa ba mutum mamaki duk shekara.

Kwana huɗu gona ba kowa. Jan-baki ba su taɓa ganin karamci irin wannan ba.

Maƙwabciyarmu Inna Kyauta ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke Raihana, jirgin ga da gishiri anka yi shi, da ba ya son ruwa?"

Kawu ya ce, "Bar ta, ita ta yi boko. Ɗiyata, mi ya sa hadari ya hana jirgi tashi, bai hana tsuntsayen ga ba?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, su ba su da kwamiti."

Bai yi dariya ba. Asabar ya koma gona, ya tarar da rabin zangarniyoyin sun zama tsinke. Ya mayar da turakunsa.

To jiya muka ji ƙugi. Jirgi ne, can ƙololuwa, kamar ƙuda. Ya zaga sau ɗaya ya juya. Daga baya sanarwa ta ce manoma ne suka hana aiki, sun cika gonaki da igiyoyi.

A wajen bin sa da kallo na faɗi. Igiyar ta girgiza, gwangwanaye suka ɗauki kuwwa, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya har gona ta yi inuwa.

Kawu ya leƙo daga rumfa. "Kin ji ciwo?"

"A'a, Kawu."

"To tashi ki sake."

Mai Girma, ranka ya daɗe, idan ana neman wanda zai maye gurbin jirgin, ga ni. Ba na shan mai, kuma ko da hadari ina faɗuwa.