Ciyawar Malam Kalanda

A duk gundumar babu wanda ya san ciyawa kamar jami'in kula da filin kiwo. Ya karanta ta a littafi, ya ci jarrabawa a kanta, har satifiket ya rataye. Taka ta ne kawai bai taɓa yi ba, saboda takalminsa ba ya shiri da ƙaya.

A bangon ofishinsa akwai kalanda mai hoton ciyawa kore shar. Da ita yake buɗe filin kiwo, da ita yake rufewa, shi ya sa makiyaya suke kiransa Malam Kalanda. Shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Bana damina ta makara da mako shida, ba ta kuma aiko masa da takardar uzuri ba. Ranar buɗe fili ta zo, ciyawa ba ta kai tsawon yatsa ba. Wani dattijo mai shanu goma sha ɗaya ya zo ya durƙusa a bakin tebur.

"Ranka ya daɗe, a ƙara mana mako uku. In suka cinye ta yanzu ba za ta yi iri ba. Da rani me za mu ba su?"

Malam Kalanda ya gyara tabarau. "Baba, kimiyya ba ta jiran hadari. An rubuta ɗaya ga wata, to ɗaya ga wata ne. Ni na karanta ciyawa, kai kallonta kawai kake yi."

Aka ɗaura ƙyalle a ƙofar shinge, ya yanka da almakashi, aka tafa. Garke bakwai suka afka. Cikin kwana huɗu abin da baki bai tsinke ba kofato ya tattake. Da ruwan kirki ya sauka, sai ya tarar da ƙasa tsirara, ya kwashe ta ya zuba a kwari.

Ranar rufewa ma Malam Kalanda bai saɓa ba. Ya garƙama kwaɗo, ya sa mai gadi, kada wani ya saci tsakuwa.

Da rani shanun dattijo suka koma huɗu. Abin tausayi ne, amma rahoton Malam Kalanda ya ce an cika jadawali ɗari bisa ɗari.

Yana cikin karanta wa baƙi rahoton nan wata ramammiyar akuya ta shigo ofis, ta ɗora ƙafafu a bango, ta fizge kalandar ta hau tauna. Ya ɗaga rula zai kai mata duka.

Dattijo, da ya zo neman dusar tallafi, ya ce daga bakin ƙofa, "Ƙyale ta, ranka ya daɗe. Duk gundumar nan ciyawarka ce kaɗai ta yi."